Zanen Inna a Kan Katanga

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Na jinkirta rubuta wannan labari har sai da na ga Inna ta tako daga ɗakinta zuwa bakin zaure da ƙafarta, don ba na son ba da labarin da ban ga ƙarshensa ba. Wanda ke da tsoho a gida ya karanta, ya kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Gidanmu yana Sabon Gari a Wudil. Tun rasuwar mahaifinmu mutum biyu ne a cikinsa: Inna, mahaifiyarmu, da Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu a Ɗankaza. Ni ne ɗan fari, ina aikin fassara da karanta labarai a gidan rediyo a Kano. Ƙanena Sabi'u ɗan kwangila ne. Ƙanwarmu Asabe tana aure a birni.

Akwai abin da ya kamata a sani tun farko, don labarin duka a kansa ya rataya. Inna tana jin kunyata, irin kunyar ɗan fari ta mutanen da. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ana yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni, ita ta raine ni. In na zo gaisuwa nakan durƙusa a bakin ƙofa, Inna ta amsa tana kallon bango. In akwai saƙo sai ta ba Gwaggo, ko da ina zaune a wurin: “Tabawa, tambayi mutumin birni ko ya ci abinci.” Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, babu kuma wanda ya ɗauka. Haka muka tashi muka gani.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan mai yawa, kuɗi suka shigo hannun mutane, siminti ya shigo gari. Duk wanda ya samu sai ya fasa daɓen uwarsa ya zuba mata siminti, a ce ɗa ya yi albarka. Mu ma muka haɗa hannu. Sabi'u ya kawo buhuna, Malam Iro magini ya shafe tsakar gida da makewayi, ya barbaɗa busasshen siminti a kai, ya bi da cokali yana gogewa har wurin ya riƙa ɗaukar ido. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Inna ta sa albarka. Tsohon makewayin tsakuwa ce da wani faffaɗan dutse mai kaushi, ruwa na zuba yana shigewa ƙasa. A sabon kuwa ruwa kwanciya yake yi a gefen rariya. Da damina ta zo, gansakuka ta yi masa shimfiɗa.

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen damina. Kowa ya san Juma'ar Wudil, gari kan tashi ya koma kasuwa. Gwaggo ta ɗauki daddawarta ta fita tun da sassafe. Ni ina hutu, ina zaune a zaure. Da hantsi na ji ƙarar faɗuwar bokiti a cikin gida. Na saurara ban ji komai ba, na ce akuya ce. Da lokacin masallaci ya matso na shiga ɗaukar buta, sai na ga zanen Inna a rataye a kan katangar makewayi. A gidan Bahaushe wannan magana ce cikakkiya: akwai mutum a ciki, kada a matso. Na ɗebi ruwa a randa, na fita na yi alwala a waje, na tafi.

Inna tana kwance a ciki tun faɗuwar bokitin. Ƙafarta ce ta zame a kan gansakuka, ta faɗi a kan ƙugunta na dama. Ta yunƙura ta kasa tashi. Zanen yana can sama, hannunta ba ya kaiwa. Ta ji takuna, ta ji na buɗe randa, katanga kaɗai ke tsakaninmu. Sai ta danne numfashinta har na fita. Wannan ba daga bakinta na ji ba. Ta faɗa wa Asabe bayan makonni, Asabe kuma ta faɗa mini a barandar asibiti.

Gwaggo ce ta same ta bayan an sauko daga masallaci. Inna ta kwanta cikin ruwan sanyi har ya bushe, sannan rana ta hau kanta. Ko da na dawo mata sun cika gida, an rufe ta, an ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki.

Ga abin da ido ya gani, don amfanin wanda zai gamu da irinsa. Babu jini, babu ƙashi a waje, kumburin ma kaɗan ne. Amma ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin ya kwanta ta waje, ba ta iya ɗaga dunduniya daga tabarma. Zafin kuma ta fi jinsa a matsematsi da gwiwa. Saboda ba a ga jini ba, da yawa suka ce buguwa ce, a gasa da ruwan zafi a shafa man shanu. Wata tsohuwa ta ce mutanen makewayi ne, wa ya sani ko an shiga ba addu'a. Inna, da zazzaɓi a jikinta, ta buɗe ido ta ce, “Tun ba a haife ki ba nake shiga da ƙafar hagu.”

Kwana biyu ana wannan, sannan aka ɗauko wani mai ɗori daga Lajawa, dattijo marar yawan magana. Ya shafa wurin ta kan zane, ya sa Gwaggo ta ɗan juya tafin ƙafar, Inna ta ciji leɓe. Ya zauna ya ce, “Iya, karayar nan tana can cikin nama, inda karana ba zai kama ba. In na ɗaure, na cuce ku. A kai ta Kano.” Ko goro bai karɓa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Sabi'u ya kawo a-kori-kura aka shimfiɗa katifa a baya. Duk ramin da motar ta faɗa tsakanin gadar Wudil da Kano, a fuskar Inna muke ganinsa, amma ba ta yi ƙara ba sai salati.

Makon farko na layi ne. Layin kati, layin ganin likita, layin hoto. Muka kai bakin ɗakin hoto wuta ta ɗauke, aka ce mu dawo gobe. Gadaje sun cika da waɗanda suka yi haɗari, don a lokacin kowa ya sayi mota ko babur kafin ya koyi tuƙi. Inna ta fara da kwana a baranda. Gado da magani kyauta ne, wannan gaskiya ce, kuma abin godiya ne. Amma kyautar ba ta hana aljihu ramewa ba: kuɗin mota, abinci daga gidan Asabe safe da rana da yamma, sabulu, goron 'yan dubiya, da ɗan abin da mai tura keken marasa lafiya ke jira kafin ya tuna inda ya ajiye keken.

Hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye daga sama, kusa da kwatangwalo. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, da tafinta yake yawo. Ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki aikin tiyata ba, don tari ya riga ya kama ta. Aka ɗaura mata igiya a ƙafa, aka zarga ta ƙarshen gado, aka rataya nauyi. Inna ta dubi abin ta ce wa Gwaggo, “To, Tabawa, an kafa mini turke. Saura dusa.”

Likita ya tambayi tsawon lokacin da ta yi a ƙasa kafin a ɗauke ta. Aka faɗa masa. Ya tambaya ko babu kowa a gidan. Gwaggo ta ce akwai, ta nuna ni. Ya ce to me ya hana ta kira? Gwaggo ta yi bayani, tafinta ya sosa ƙeya ya juya masa, ya sake juyawa. Ban ga alamar ya gane ba, amma bai yi dariya ba. Abin da ya faɗa bayan nan shi ya zauna mini a kai: ƙashi zai haɗu in Allah ya so, shi gado yake tsoro. Faɗuwa ta karya ƙafa, amma kwanciyar da ta yi a jiƙe ba wanda ya sani ita ta kawo tarin, kwanciyar da ke gaba kuma ita ce ciwon da za a yi jinya.

Haka kuwa aka yi. A mako na uku bayanta ya fara yin ja a ƙasan ƙugu, fatar ta ɗan saluɓe. Wata sista, mai faɗa kamar me amma mai sanin aikinta, ta kira Asabe ta nuna mata yadda za ta riƙa ɗaga ta kaɗan ba tare da ta motsa igiyar ba, ta goge, ta busar, ta shafa mai. Ta ce a samo abu mai laushi a sa mata. Gwaggo ta hau mota ta koma Wudil, ta dawo da buzun da mahaifinmu yake salla a kai. Inna ta shafa gashin buzun. A kansa ta yi sauran kwanciyarta, gyambon kuma bai ci gaba ba.

Asabe ta bar gidanta da 'ya'yanta a hannun dangin miji, ta tare a ƙarƙashin gadon Inna da tabarma. Ita ke kai fo, ita ke wanki, ita ke jure tsawar ma'aikata in lokacin korar masu jinya ya yi. In ana bukatar ƙarfin namiji sai a jira Sabi'u, don ni ba a yarda in taɓa ba. Aikina shi ne layi, da kawo romon ƙashi da kifin Wudil, da zama a baranda.

Amma babbar mai jinyar Inna ita ce Inna. Sista ta ba ta kwalba da ruwa da ɗan bututu, ta ce ta riƙa hurawa don ƙirjinta ya buɗe, ta kuma riƙa motsa yatsun ƙafa da idon sahu. Sauran matan ɗakin sukan yi in sista na kallo. Inna ta mai da shi wazifa. Bayan kowace salla, wadda take yi a kwance da nuni, sai ta ja carbi tana hura kwalba, ta sake ja tana motsa ƙafa. Abincin asibiti ba ta sonsa, takan ce miyar ba ta san daddawa ba, amma takan cinye. Ta ce ba ta zo Kano don ta mutu a gadon gwamnati ba. Kafin wata na biyu ya ƙare tarin ya tafi, ita ce ma ke tsokanar matar gadon kusa: “Hura mana, 'yar nan, ko sai an kawo miki makaɗi?”

Da aka shiga wata na uku aka kwance igiya. Ƙafar ta rame kamar sanda. Aka fara zaunar da ita, jiri ya kwashe ta. Aka fara tsayar da ita tsakanin Asabe da sista, sannan da sanduna biyu. A nan ne maganar da kowa ke gudu ta taso, wato ina za ta koma.

Sabi'u ya zo da yamma, ya zauna a bakin gado. Ina tsaye daga ƙofa.

“Inna, na gama magana. Ba za ki koma Wudil ba. Na gyara miki ɗaki a gidana, ga famfo, ga lantarki, ga jikoki.”

“Ga bene kuma.”

“A ƙasa za ki zauna.”

“In zauna ina kallon me? Takalman baƙinka? A ɗakin can ubanku ya bar ni, daga can za a fitar da ni.”

“Inna, kunya ta kusa kashe ki! Yaya yana zaure, ki buɗe baki kawai...”

“Kai, rufe mini baki. Kunya ce ta shafe makewayi ya koma madubi? Tun ba a haife ka ba nake tare da kunyata, ba ta taɓa kayar da ni ba. Simintinka damina ɗaya ya yi.”

Gwaggo ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Asabe ce ba ta yi ba. Ta ce a hankali, “To Inna, in kin sake faɗuwa fa? Gwaggo tana kasuwa, Yaya yana zaure, zane yana sama. Ni ba zan iya sake wannan ba.”

Inna ta dubi hannun Asabe da wanki ya cinye.

Washegari da na zo, na gaishe ta daga bakin ƙofa kamar kullum. Ta amsa wa bango, sannan ta ce, “Tabawa, gaya wa mutumin birni ya zauna. Shi ne mai riƙe magana yadda aka faɗe ta.”

Na zauna. Ashe duk kwanciyar nan tana zagaya gidanta a zuci, taku bayan taku. Ta fara jerowa, Gwaggo tana maimaita mini kamar ba a gabana ake faɗa ba. A fasa santsin makewayi, a gyara rariya ruwa ya daina kwanciya. A kafa gora a jikin bango tun daga ƙofar ɗakinta har makewayi, daidai ƙugu, ta gwada da hannu. A sassare dokin ƙofarta. A mai da turken akuyoyi bayan rumbu, don igiyarsu ta sha harɗe ta, ba ta dai faɗa ba. A yi mata kujera mai tsayi ta wanka, da wata mai rami, don tsugunno ya ƙare mata. A rage ƙafafun gadon ƙarfen da aka sayo mata, tun da aka kawo shi da tsalle take sauka. Silifan roba kuma a ba mai so.

Sannan ta dakata, ta gyara lulluɓi.

“Wannan duka don kada a faɗi ne. Amma tsoho sai ya faɗi. A buga ƙusa a makewayi can ƙasa, inda hannun wanda ke kwance zai kai, zane ya riƙa zama a kai kullum. A samo ƙararrawa a rataya a zaure, a jawo igiyarta ta kan katanga har ƙasa, wata kuma a bakin gadona. Abin da na gada ba zan yar da shi da furfura ba. Suna ba zan kira ba. Amma igiya zan ja.”

Gwaggo ta juyo gare ni ta ce, “Garba, ka ji?”

Na ce na ji.

Inna ta ce wa bango, “In an ji, a zo.”

Sabi'u bai so ba, amma Asabe ta goyi bayan Inna, da sharaɗin cewa ranar kasuwa matar maƙwabcinmu za ta riƙa leƙowa in babu kowa a zaure. Aka shirya a kan in abin bai yi ba, Inna za ta koma birni ba gardama.

Malam Iro ya fi kowa baƙin ciki. Ya tsaya a makewayi da guduma da kurfi yana girgiza kai. “Ni na goge wurin nan har mutum na ganin fuskarsa. Yau kuma a ce in ɓata shi da hannuna, in bi da tsintsiya kamar wanda bai iya aiki ba? In mutane suka gani sai su ce Iro ya tsufa.” Gwaggo ta ce, “Ka tsufa mana. Kai ma ka je ka yi wa naka.” Ya yi aikin da kyau. Ya zuba sabon siminti, ya ja tsintsiyar kwakwa a kai tun yana ɗanye, ya karkata shi zuwa rariya. Daga baya na ji gidaje da dama a unguwar sun kira shi ya ɓata musu nasu, don duk tsohuwar da ta zo dubiya sai Inna ta aika ta makewayi ta gani da idonta. Ƙararrawar kuwa a kasuwar Juma'a na samo ta, ta tagulla, irin wadda ake rataya wa jaki.

Inna ta dawo gida da sanduna biyu, ta koma ɗaya. Ƙafar ta ɗan gajarce, tana ɗingishi, in sanyi ya sauko tana jin wurin. Watanni suka wuce ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, sai in iska ta kaɗa ta. Sabi'u ya ce ado ce kawai, ranar da ake bukata Inna ba za ta ja ba. Ni ma, gaskiya, ban tabbata ba. A kan wannan zamanta a Wudil ya tsaya, kowa kuma ya sani.

Wata Juma'a na zo hutu. Gwaggo tana kasuwa, ina zaure. Da hantsi ƙararrawa ta buga a kaina, sau ɗaya, da ƙarfi.

Na shiga. Zane yana kan katanga. Na tsaya daga waje na yi gyaran murya.

“A shigo,” in ji ta.

Tana zaune a kan kujerar wanka, ta ɗaura zanen ƙusar ƙasa har ƙirji, ta yafa gefensa a ka. Ba faɗuwa ta yi ba. Sandarta ce ta zame ta gangara bakin rariya, inda sai ta saki gora ta sunkuya kafin ta kai. Ta auna ta ga ba daidai ba ne, ta ja igiya.

Na ɗauko sandar na miƙa, fuskata a gefe. Sandar a jiƙe take da ruwan sabulu. Ta taɓa ta ta saki. Sai na ji hannunta ya kama wuyan hannuna, ta dogara da dukan nauyinta ta miƙe. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka tako tare har bakin ɗakinta, tana kallon gabanta ina kallon nawa. Ta kama gora ta sake ni.

Wata kaza tana tono a gindin randa. Inna ta dube ta ta ce, “Ashe ana ji.”

Da yamma na ba Gwaggo labari, ta aika wa Sabi'u cewa ɗakin da ya gyara ya sa baƙinsa a ciki.

Wanda ke da tsoho a gida, ya shiga makewayinsu yau ya taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Sannan ya tambayi kansa: in tsohon nan ya faɗi a nan, wa zai iya kira, kuma wa ba zai iya kira ba? Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.